Kwaɗon Hindatu 'Yar Uwani

Ba zan taɓa mantawa da ƙyallin da ya fara ɗaukar idona a kan gadar nan ba. Daga nesa na ɗauka ado ne na ruwan zinariya aka yi wa ƙarfen gadar, irin wanda masu hali ke yi wa ƙofofinsu a Riyad. Sai da na matso na ga ashe kwaɗuna ne, irin na kulle ƙofa, manya da ƙanana, sun yi cincirindo wani kan wani kamar 'ya'yan dabino a jikin uwarsu. Kowane da rubutu a jikinsa. Na tsaya baki buɗe, zuciyata na gaya mini cewa a nan akwai labari. Ta faɗi gaskiya, sai dai ba ta gaya mini ni ne za a yi wa dariya a cikinsa ba.

Bari in koma baya kaɗan. Ni direba ne a gidan wani Balarabe, Abu Nasir, wanda shi ne kafilina, wato iƙamata, takardar izinin zamana a Saudiyya, da sunansa take. Ɗan Funtuwa ne ni, kuma tun ina ƙaramar sakandare nake satar littattafan soyayya na yayata ina karantawa a bayan ɗaki. Sun yi mini illa, ba zan ɓoye ba. Har na girma ina ganin duk yayyafin da aka yi don masoya aka yi shi, kuma namijin kirki shi ne wanda ya iya tsara magana har budurwa ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta. (Zaman Riyad bai warkar da ni ba. Gari ne da sai a daɗe ba a ga yayyafi ba, amma ni ina nan da halina.)

A lokacin akwai Hindatu. A unguwar Al-Badi'a aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa duk inda ta yage sai ta yi mata faci da Larabci. Mahaifinta ya rasu. Mahaifiyarta, Hajiya Uwani, mutuniyar Damagaram ce, tana yin tuwo da miyar kuka duk ranar Juma'a, mu 'yan ci-rani mu taru a falonta mu ci mu tuna gida. A can na fara ganin Hindatu tana miƙo mini kwano, na kasa gane ko yajin ne ya sa mini hawaye ko ita. Da magana ta yi nisa na tura wani dattijo ɗan garinmu ya sanar da Hajiya. Amsarta gajera ce: "Na ji zai yi tafiya da ubangidansa. Ya je ya dawo tukuna. A tafiya ake sanin hali." Ga kuma wani mai shagon kayan marmari a kasuwar Aziziya da ke ta sauke kwalayen mangwaro a ƙofar gidan. Shi yana da mangwaro, ni ina da kalamai.

Tafiyar kuwa ta bazara ce. Idan zafin Riyad ya kai inda sitiyari ke ƙona tafin hannu, iyalin Abu Nasir sukan gudu Turai. A shekarar suka tafi da ni ƙasar da Larabawa ke kira Nimsa, wato Ostiriya, saboda bayan maigida na ciwo, uwargida Ummu Nasir kuma ba ta yarda da tuƙin kowa sai nawa. Muka sauka a wani gida a bakin tafki. Wata safiya maigida ya ce yau yawon wuni ɗaya za mu yi, zuwa wani ɗan ƙaramin tsohon gari a bayan duwatsu. (Sunan garin har yau harshena bai iya ɗaukarsa ba. In na gwada sai a ce ko tari nake.)

Mota ba ta shiga cikin garin. A wajen tsohuwar ganuwa muka ajiye ta muka taka da ƙafa ta wata ƙofar dutse. Wayyo, garin nan! Lunguna ƙanana kamar na cikin birnin Katsina, amma an shimfiɗe su da duwatsu masu santsi. Gidaje kowane da launinsa, wannan ruwan ƙwai, wancan ruwan hoda, furanni na zubowa daga tagogi. Ƙamshin burodi ta ko'ina. Can saman tudu ga wani tsohon gidan sarauta ya leƙo gari kamar kaka tana kallon jikoki. Agogon coci na bugawa, tattabaru na tashi. A tsakiyar gari kuma kogi, ruwansa garau har kana ganin tsakuwar ƙasa. Wanda ya yi shekaru a Riyad ne kaɗai zai gane abin da ya sa na tsaya ina kallon ruwa yana tafiya shi kaɗai, ba famfo, ba tanka, ba mai tsare shi.

Abu Nasir ya ga yadda nake zare ido, ya yi dariya ya ce, "Je ka yi yawonka. Mu za mu zauna shan gahawa. Mu haɗu a dandali da la'asar."

Na ce, "Allah ya ja kwana," na kama gabana. A nan ne na ci karo da gadar kwaɗuna.

A gindin gadar akwai wani ɗan shagon tsaraba. Mai shagon mutumin Sham ne, yana jin sallamata ya washe baki. Na tambaye shi da Larabcina na direbobi, me ya sa aka kulle gada alhali ba ƙofa gare ta ba?

Ya ce, "Ɗan'uwa, ba gada aka kulle ba, soyayya aka kulle. Ka rubuta sunanka da na wadda kake so, ka datse kwaɗon a ƙarfe, ka jefa makullin a kogi. Shi ke nan, ba mai raba ku."

Jama'a, ji na yi kamar an karanto mini shafin ƙarshe na littafi. Wane mangwaro ne zai ja da wannan? Na zaɓi kwaɗo mafi girma da ƙwari a shagon. Ya miƙo mini alƙalami, ja ne kawai ya rage masa. Na yi rubutun da harufan Larabci don su Hindatu ta fi karantawa. Na sa sunana, na sa nata. Sai na yi tunani, ai Hindatu da yawa take a duniya, kada wata ta zo ta ɗauka da ita ake. Tunda duk Al-Badi'a da sunan mahaifiyarta ake kiranta, sai na ƙara: Hindatu 'yar Uwani. Na zana zuciya a ƙasa, na soka mata kibiya.

Na datse kwaɗon a tsakiyar gada, na kunna bidiyo, na gyara murya irin ta jaruman da na haddace. Na ce, "Hindatu, yau na kulle zuciyarki da tawa. Ba mahaluƙin da zai buɗe har abada. Ba ki da kowa sai ni." Na ɗaga makullin ya yi ƙyalli a rana, na wurga shi cikin kogi. Na tura mata.

Nan take ta amso da jajayen zukata cike da fuskar waya, da "Ya salam!" Na sayi askirim na zauna a benci ina kallon agwagi. A wannan sa'ar duk faɗin Turai ba wanda ya kai ni jin daɗi. Abin da ban sani ba shi ne, don murna, Hindatu ta ruga kicin ta nuna wa mahaifiyarta.

Askirim ɗin bai kai rabi ba waya ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne daga lambar Hindatu. Na gyara hula, na shirya murmushi, na ɗauka. Fuskar Hajiya Uwani ce ta cika wayar.

"Kai, ɗan nan. Wane malami ne ya ba ka wannan aikin?"

"Hajiya, barka da..."

"Riƙe gaisuwarka. Na ce wa ya ba ka?"

"Wani mutumin Sham ne, Hajiya, mai sha..."

"Sham! Innalillahi. Malaman gida ba su ishe ka ba, sai da ka kai mu Sham. Sunana ka rubuta a jikin kwaɗo ko ba ka rubuta ba?"

"Na rubuta, Hajiya, amma don..."

"Da jar tawada?"

"Ita kaɗai ta rage."

"Ka huda zuciya da tsinke?"

"Kibiya ce, Hajiya."

"Kibiya ma. To madalla. Ina makullin?"

"Yana ruwa."

"Ruwa mai gudu ko kwantacce?"

Na kalli kogin nan da na gama yaba wa. Murya ƙasa-ƙasa na ce, "Mai gudu ne."

Sai a lokacin na ji abin da kunnena, daki-daki, yadda ta jero shi. Sunan yarinya da sunan uwarta. Jan rubutu. Kwaɗo a datse. Makulli a ruwa mai gudu. Ga kuma kalaman da na yi a kai, wai ba ki da kowa sai ni. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san sunan wannan aikin, kuma ba soyayya ake ce masa ba. Ni da kaina, da ƙanwata aka yi wa haka, da tuni na nemo mai ruƙiyya. Littattafan sun koya mini komai ban da yadda abu ke zama idan uwar budurwa ta kalle shi.

Ta bayan Hajiya na jiyo muryar Hindatu tana kuka-kuka: "Yumma, wane kwaɗo kuma? Wallah ƙuful ne, ba dabba ba ce!" (Ita na kulle ƙofa da sunansa na Larabci ta san shi, duk saninta kwaɗo shi ne mai tsalle a bakin ruwa. Ta ɗauka ana zargina da yanka 'yar dabbar Allah.)

"Ke rufe mini baki! Shi ya sa tun ɗazu kike ƙona mini miya kina murmushi ke kaɗai. Har ya fara ci." Ta juyo kaina. "Saurara, ɗan nan. Ka buɗe abin nan yanzu ina kallo da idona. In ba haka ba, ko tuwona kada ka ƙara zuwa ci, balle ka tambayi 'yata."

Ban san lokacin da na yar da askirim ba. Na koma wurin mutumin Sham, ya ce makullan biyu ne a zobe ɗaya, kuma duka na jefa. Na tambaye shi guduma, ya ce shi tsaraba yake sayarwa. Sai na tuna da ƙarfen kwance taya a but ɗin mota. Na zura da gudu ta lungunan nan masu kyau, na fita ganuwa, na ɗauko ƙarfen, na dawo da gudu ina haki, riƙe da shi a hannu kamar mai bin ɓarawo. Turawa suna ta darewa suna janye 'ya'yansu. Ban ma lura ba, hankalina na kan mai mangwaro.

Na jingine wayar a jikin ƙarfen gada yadda Hajiya za ta gani da kyau. Zuwa lokacin ta tara maƙwabta biyu, kawuna uku a fuskar waya, ɗaya na jan carbi. Na yi bisimilla na kai wa kwaɗon duka.

Ƙarar ta karaɗe garin. Duk kwaɗunan gadar suka amsa kamar an kaɗa ƙararrawa, tattabaru suka watse. Nawa kuwa ko gezau. Ashe kwaɗon Turawa ba irin na kasuwar Funtuwa ba ne da ake buɗewa da wutsiyar cokali, ga shi ni da kaina na zaɓi mafi ƙwari don soyayyar ta daɗe. Na ƙara duka. Na zura ƙarfen na danna da ƙafa. Gumi ya jiƙa ni a garin da kowa ke sanye da rigar sanyi. Daga waya Hajiya na ba da umarni: "Ta gefen hagu! Kai, ba ka ci abinci ba ne? Lokacin kullewa ai da ƙarfinka!"

Da na ɗago kai, gada ta cika. Masu yawon buɗe ido sun yi mini zobe, kowa ya ɗaga wayarsa. Sai ga wata 'yar sanda a kan keke ta ratso su ta tsaya a gabana. Cikin natsuwa ta nuna mini in ajiye ƙarfen a ƙasa. Na ajiye. Ta tambaye ni da Turanci me nake yi. Na tattaro ɗan abin da ya rage mini na sakandare na ce kwaɗona ne, ga sunana.

Ta dubi kwaɗon, ta dubi zuciyar da kibiya, ta dube ni jiƙe da gumi. Sai fuskarta ta yi laushi. Ta ce, "Ta rabu da kai ne?"

Na ce, "A'a. Aurenta nake so in yi."

"To me ya sa kake fasa shi?"

"Don in aure ta."

Ta kalle ni, irin kallon da likita ke yi kafin ya kira ɗan'uwansa. Daidai nan Hajiya ta ɗaga murya daga jikin gada: "Wace ce wannan mai hular? Matar malamin ce? Gaya mata ba ma so, ta karɓi kayanta!"

'Yar sandar ta waiga tana neman inda muryar ta fito. Na nuna wayar na ce, "Uwarta." Wani dattijon Bature a cikin taron ya ce "Aaah," ya gyaɗa kai kamar wanda ya taɓa gani. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Kamar abin bai isa ba, sai na ji an ce, "Ya majnun! Me kake yi da ƙarfen motar haya?" Abu Nasir ne da iyalinsa, ƙarar ta taso su daga shan gahawa. Na yi masa bayani a gurguje. Ya fara dariya tun daga jar tawada, kafin in kai ga ruwa mai gudu ya zauna a ƙasa riƙe da bayansa mai ciwo. Ummu Nasir kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta ɗauki wayata ta yi wa Hajiya sallama, suka shiga Larabci. Abin da na tsinta shi ne, "Wallahi gaskiyarki, 'yar'uwa. Da 'yata ce, da jirgi zan hau in zo in cire da haƙorina." Cikin ɗan lokaci sun zama aminai, a kan wuyana.

Babban ɗan maigida ne ya yi wa 'yar sandar bayani da Turanci mai kyau. Ta cije leɓe tana danne dariya, ta yi magana a rediyonta. Ba a jima ba wani ma'aikacin gari ya zo da ƙaton almakashin ƙarfe, ashe dama sukan rage kwaɗunan in sun yi wa gada nauyi. Ƙas! Sau ɗaya. Soyayyar da ba mahaluƙin da zai buɗe har abada ta faɗo a tafin hannuna. Taron ya ɗauki tafi. Wata tsohuwa ta dafa kafaɗata ta ce in yi haƙuri, mata suna da yawa. 'Yar sandar ta ja mini kunne kada in ƙara gudu da ƙarfe a cikin mutane, ta hau kekenta, kafaɗunta na rawa.

Hajiya ta ce, "Kada ka jefa shi ruwa. Ka zo mini da shi."

A hanyar komawa aka yi yayyafi, duwatsu suka yi shuɗi, shanu na kiwo a kan kore shar kamar an zana su. Duk kwanar da na sha sai in ji Abu Nasir a baya ya ce "'yar Uwani" ya sake fashewa. Duk da haka, in gaya muku gaskiya, ban ji haushin garin ba. Har yau in na rufe ido ina ganin furannin tagogin nan.

Juma'ar farko bayan mun dawo Riyad na tafi Al-Badi'a. Ina yin sallama falon ya ɗauka: "Ga malamin Turai! Malam, a taimaka mana da na kasuwa!" Wani ya ce shi na ƙarin albashi yake so, a kulle masa kafilinsa. Na sunkuyar da kai na wuce na durƙusa gaban Hajiya, na ajiye kwaɗon a kan darduma.

Ta sa tabarau. Ta juya shi gaba da baya, ta shinshina, ta girgiza shi a kunne ko akwai abu a ciki. Ta daɗe a kan rubutun. Can ta ce, "Wannan Uwani ka rubuta?"

"E, Hajiya."

"Ka ci harafi ɗaya. Wannan ko aljanin aka ba shi, ɓacewa zai yi a hanya." Ta cire tabarau ta dubi dattijon garinmu da ke gefe. "Malam, na kwana ina tunani. Mai asiri ba ya ɗaukar aikinsa a bidiyo ya aiko wa mutane. Kuma na ga yadda ya tsaya gaban Turawa yana zubar da mutuncinsa don na ce ya yi. Yaron nan ba mugu ba ne, wawa ne kawai. Wauta kuwa ana zama da ita." Ta turo mini kwanon tuwo. "Ci. Ka gaya wa manyanka su zo."

Ta bayan labule na ji 'yar ƙarar murnar Hindatu, sai kuma ƙarar faɗuwar murfin tukunya.

Abin da na koya shi ne, kafin ka yi wa budurwa bajintar soyayya, ka tsaya ka faɗe ta a bakinka da muryar uwarta. In ta fito kamar abin da ake kai wa mai ruƙiyya, ka sayi turare kawai.

Hajiya Uwani ta yi shekaru tana tuƙa tuwonta bayan bikinmu, har gwiwoyi suka ce sun gaji. Ta sallama tukwane ta koma Damagaram, inda yanzu ta zama wadda matan unguwa ke kai wa shawara in saurayi ya fito wa 'yarsu. Hindatu ta ce tambayarta ɗaya ce tak: mugu ne ko wawa? In aka ce wawa ne, sai ta ce, "Ku ba shi. Ni ma na ba wani, ga shi can Riyad, duk wata sai ya aiko mini da man shafawa na gwiwa, har da 'yar waƙa a jikin kwalin."